Anti, Ringim Zan Je Koyon Gyaran Kai Ko Makaranta a Kano?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 19 ce daga wani ƙauye kusa da Gujungu a jihar Jigawa, bara na gama sakandare. Tun ina firamare nake kitso. Yanzu ni nake yi wa yaran unguwarmu da 'yan mata har da wasu matan aure, sai dai yawanci "Allah ya yi albarka" ne ladan. Ina so abin ya zama sana'a ta sosai, in iya wankin kai da saka rilaksa, wato man miƙar da gashi, da gyaran amare. Yayana da ke tuƙa adaidaita sahu a Kano ya samo mini wata makarantar kuɗi, wata shida ake yi a ba da satifiket. Ya ce zai biya rabi, Inna ta sayar da tumakinta biyu a cika, in zauna gidan Gwaggonmu. Ita kuwa Inna ta fi son in je wurin wata 'yar garinsu mai shago a Ringim, in zauna a hannunta shekara biyu, ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Yaya ya ce bauta kawai zan je yi, kuma in fito ba takarda. Baba bai ce komai ba, amma na san hankalinsa bai kwanta da Kano ba. Ga wanda yake nemana, an ce sai bayan kakar baɗi. Gida ya rabu biyu a kaina, na rasa wa zan bi.

Wa alaikumus salam, 'yata. Ba zan ja ki da nisa ba. Da ke 'yar cikina ce, da Ringim zan kai ki. Amma ba a kan shekara biyun nan da aka yanka wa Innarku ba, kuma ba don maganar Yayanki ba ta da tushe ba. Abin da yake tsoro yana faruwa, zan zo kansa.

Gyaran kai sana'ar yatsu ce, yatsu kuwa ba a gaban allo suke koyo ba. Abin da ke raba gwana da 'yar koyo shi ne yawan kawunan da suka bi ta hannunta. Akwai gashi mai tsauri da ke karya mataji, akwai mai santsi da ke zille wa yatsa, akwai na mai jego da ke zuba, akwai ƙeyar da gashinta bai isa kamu ba amma mai ita ta rantse sai an yi mata shuku. Akwai 'yar shekara huɗu da ke tsala ihu tana fizge kai, uwarta a tsaye tana cewa a yi sauri mota na jira. A makarantu da yawa, ban ce duka ba, kan roba ake ba ɗalibai su yi ta gwaji, wani lokaci su uku ko huɗu a kan guda. Kan roba ba ya cewa wayyo, ba ya gumi, ba shi da amosani, ba ya kuma miƙewa ya dubi madubi ya ce kitson bai yi masa ba. Satin Sallah guda a shago mai ciniki, tun hantsi har tsakar dare, zai koya wa hannunki abin da wata guda a aji ba zai koya masa ba. Sauri kuma shi ne ribar wannan sana'a. Wadda ta gama kai a awa ɗaya da wadda ta kwashe awa uku, kuɗi ɗaya ake miƙa musu.

Sai ki tambayi kanki su wa za ki yi wa aiki. Matan yankinku zane suke so, da shuku, da kalaba, da wankin kai mai kyau, da lalle, amarya kuma ta ƙara da dilka da halawa. Makarantun birni kan ba da lokaci mai yawa ga ƙarin gashi, da ɗinkin hular gashi, da manna gashin ido da farcen roba, domin can akwai masu saye. Ni ba malama ba ce, amma hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kin san matan ƙauyenku sun ji shi a Islamiyya. Kin ga kenan wani kaso na kuɗin tumakin Inna zai tafi ne a kan abin da ba za ki sami mai saye ba, watakila ma ke kanki zuciyarki ba za ta yarda ki yi shi ba.

Ga maganar wuta, wadda babu mai sa ta a takardar tallan makaranta. Na'urar busar da gashi ta hannu, irin ta shago, tana jan wat 1,500 zuwa 2,000. Ƙaramin janareton nan da ake gani a ƙofar shaguna bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. Babba kuwa sai da fetur mai yawa, kin kuma san inda kuɗin fetur ya nufa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Matar da ta riƙe shago a Ringim shekara da shekaru ta san yadda ake sallamar mutum biyar ranar da babu wuta, ta san jarka nawa za ta saya wurin mai garuwa, ta san nawa za ta caji matar ma'aikaci da nawa za ta karɓa hannun matar manomi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ta san wadda ake ba bashi da wadda ake yi wa murmushi a ce yau layi ya cika. Irin garin da za ki yi sana'a a cikinsa ya fi kama da Ringim nesa ba kusa ba.

To, yanzu inda Yayanki yake da gaskiya, wuri biyu ne.

Na farko shi bai ma faɗe shi ba, amma shi ya fi damuna. Akwai ilimin da hannu ba ya koyarwa, kuma masu shago da yawa ba su da shi, ko da sun shekara ashirin suna aikin. 'Yar ƙanwata, ana saura kwana huɗu kamunta, aka kai ta wani shago a saka mata rilaksa. Da safiyar ranar ta tsefe kai, ta sosa shi son ranta. Ana shafawa ta ce zafi, mai shagon ta ce ta daure, yanzu ne yake kamawa. Ta daure. Washegari fatar kan ta kwaile, gashi ya manne da ruwan ciwo, aka yi biki aka gama ba ta iya ɗaura ɗankwali da ƙarfi ba. Har yau akwai wuri a tsakar kanta, kamar faɗin bakin kofin shayi, da gashi bai dawo ba. Matar nan ba muguwa ba ce, kuma ta iya kitso. Haka ta ga uwar ɗakinta na yi, haka ita ma ta koya wa yaranta.

Rilaksa mai ƙarfi, sinadarin da ke cikinsa shi ne kostik soda, ita dai wadda mata ke haɗa sabulu da ita suna kaffa-kaffa kada ta taɓa musu hannu. Wanda aka rubuta wa cewa babu soda a ciki, wani sinadarin ne ɗan uwanta, shi ma yana ƙuna. Saboda haka ba a saka shi a kan da aka sosa ko aka tsefe a ranar. Ana shafe gefen goshi da kunnuwa da ƙeya da basilin tukuna. Sabon tohon da ya fito kawai ake shafa wa, ba a maimaita shi a kan gashin da ya riga ya miƙe, in ba haka ba ya karye. Ana barin aƙalla sati takwas tsakanin sakawa da sakawa. Mintocin da aka rubuta a jikin roba ake bi da agogo, zafi ba alamar kamawa ba ce, alamar ƙuna ce. A ɗauraye sosai, sannan a bi da shamfun da aka yi musamman don kashe ƙarfinsa, wani ma kumfarsa kan canza launi in da saura a kai. Ke mai sakawa kuma da safar hannu, domin ita mai kai sau ɗaya take zuwa a wata biyu, ke kuwa kullum hannunki na ciki. A 2022 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000, aka ga waɗanda ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi sauran kamuwa da sankarar mahaifa, ninki biyu da wani abu. Masu binciken ba su ce sun tabbatar man ne ya jawo ba, amma ya isa ya sa ki daina ganin rilaksa kamar man shafawa.

Haka baƙin lalle. Lallen da ake shukawa ja yake bayarwa, ba ya baƙi. Baƙin nan rinin gashi ne, akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira PPD, wanda jikin wasu ba ya karɓa: wurin zanen ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo da siffar fulawar da aka zana. Ana ɗiga kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a jira awa 48 kafin a yi wa mutum, balle amarya. Kitso mai tsauri kuma, wanda ake yabo wai ya kamu zai daɗe, shi ke cinye gaban goshin mata. In kin ga ƙananan ƙuraje a bakin layi, an ja da yawa. Aka yi shekaru ana haka, saiwar gashin ta mutu, babu man kaɗanya ko man shanun da zai tayar da ita. Makero kuwa, mataji ne ke ɗaukarsa daga kan wannan yarinya zuwa na waccan, kuma ba ya jin shafe-shafe, sai maganin sha daga asibiti. Reza ɗaya mutum ɗaya, domin ciwon hanta na bi ta jini. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Wannan ilimin ne makaranta mai kyau ke sayarwa, kuma ya cancanci a biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sai an yi wata shida an sayar da tumaki kafin a same shi. Kina da abin da watakila uwar ɗakinki ba ta da shi: kin yi sakandare, kina iya karanta abin da ke jikin roba da kwali. Ki mayar da shi al'ada, kada ki buɗe wani mai sai kin karanta shi daga sama har ƙasa, har da ranar lalacewarsa da lambar NAFDAC. Bayan kin yi wata bakwai ko takwas a shago, kin san inda hannunki ke da rauni, sai ki nemi gajeren kwas na 'yan makonni a Kano, a lokacin da ciniki ya ja baya, kamar farkon azumi ko tsakiyar damina, ki sauka gidan Gwaggo. Wadda ta shiga aji da tambayoyinta a baki ta fi wadda ta shiga tana jiran a gaya mata abin da za ta tambaya. Kuma 'yan makonni sun fi sauƙin shiga kunnen Baba a kan wata shida.

Na biyu, bautar. Na ga yarinyar da aka kai koyon sana'a ta ƙare a raino da wanke-wanke da kai wa 'ya'yan gida abinci makaranta, shekara ta zagayo ba ta taɓa kan kowa ba sai tsifa. Kasancewar matar 'yar garin su Inna ce ba kariya ba ce, wani lokaci ma shi ke rufe bakin kowa, a yi ta cutuwa ana jin nauyi. Maganinsa a yi magana a fili tun kafin ki ɗauki jaka. Baba da Inna su je da kansu, da wani dattijo da ita matar ke jin kunyarsa, a zauna a rubuta. Kada kowa ya ce rubutu rashin yarda ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

A rubuta shekara ɗaya. Shekara biyu na wadda ba ta taɓa riƙe kibiya ba ce, ke kuwa kin iya kitso, abin da ya rage miki wankin kai ne da rilaksa da turara gashi da gyaran amarya da lissafin shago. Ga kuma aure bayan kakar baɗi, shekara biyu ma ba za ta shiga ba. A faɗi watan da za a fara sakar miki kan masu zuwa, da watan da za ki fara samun wani abu a kan kowane kai da kika yi. A faɗi ranar zuwa gida. A faɗi abin da za a kawo ranar yaye, kada sai lokacin ya zo a karanto muku lissafi kamar na lefe. A san ɗakin da za ki kwana da waɗanda ke cikin gidan, maza da mata. Wannan tambayar Baba ce, kuma ina zaton shirun da ya yi yana jiran a ba shi gurbin yin ta ne. Ki same shi bayan sallar isha'i ki ce kina son jin ra'ayinsa, za ki sha mamakin yawan abin da ya riga ya auna.

Sai dai kada ki tafi da girman kai, wai ke mai sakandare. Sharar gashi, wanke mataji, ɗebo ruwa, tsifa, riƙe wa uwar ɗaki gashi tana kamawa, duk cikin karatun suke. Aikin shago naki ne. Aikin gidanta, in ya wuce taimakon da kowace 'ya ke yi a gidan da take ci take sha, ba naki ba ne. Kuma kafin a sa hannu, Inna ta bincika a hankali: yaran da matar ta yaye a baya, suna ina? In an nuna muku biyu ko uku da ke cin gashin kansu, alhamdu lillahi. In kowacce da faɗa ta bar wurin, an ba ku amsa.

Batun takarda ba ya buƙatar dogon zance. Babu matar da ta taɓa zama a gaban mai kitso ta ce a nuna mata satifiket. Kan ƙawarta ta gani a gidan suna ta tambayi wa ya yi. Takarda na amfani in za ki nemi koyarwa a cibiyar sana'a, ko aiki a babban shagon birni, ko wani tallafi na gwamnati, kuma ƙofarta ba ta rufe don kin koya a shago. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yi wa waɗanda suka koyi sana'a a hannu gwaji, mataki uku, daga na 3 a hau zuwa na 1. NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, na shirya jarrabawa a fannin gyaran gashi da kwalliya. Ita kanta NDE, hukumar samar da ayyukan yi da aka kafa a 1986, wadda ke da ofis a Dutse, tsarinta na koyar da sana'a shi ne ta ɗauki matasa ta danƙa su hannun masu shaguna. In Yaya ya dage sai makarantar nan, to kada a yi cinikin biri a sama. Ya ajiye adaidaita na awa ɗaya ya shiga ana tsakiyar darasi, ya ƙirga ɗalibai, ya ƙirga kayan aiki, ya ga ko akwai kan mutum a wurin. Ya tambaya satifiket ɗin na wace hukuma ne, NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna, ta san da su, ko kuwa mai makarantar ne ke bugawa a shagon kwamfuta.

Wanda ke nemanki, yanzu za a yi maganar sana'ar nan da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Alherin kitso shi ne ana yin sa a tsakar gida, ba sai an fita ba, a ƙauye ma matan da ba sa fita sun fi son su shiga gidan 'yar uwarsu mace. Amma gidan da mata ke shige da fice ba kowane miji ke jurewa ba, gyaran amare kuma wani lokaci sai kin je can. Saurayi a zance komai "ba komai" ne. A bar manya su faɗa a gaban manyansa.

Daga yau kuma ki daina kitson "Allah ya yi albarka". Addu'a muna so, amma ba ta sayen man kitso. Ki yanka kuɗi daidai ƙarfin garinku, ki ware rana ɗaya ta yaran gida kyauta, ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita. Za a yi gunaguni wata ɗaya, a ce kin yi boko kin canza, sannan a saba. Ki kuma koyi kama baki. Mace in ta ɗora kai a cinyarki, bakinta kan buɗe, za ki ji na kishiya da na uwar miji da na bashin adashi. Ranar da magana ɗaya ta fita ta bakinki, ko kin fi kowa iya shuku, layinki ya watse.

Tumakin Inna a bar su. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, kafin a yaye ki da yardar Allah sun ƙaru. A kai ɗaya daga cikin 'ya'yan zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi a lokacin, a saya miki kujera da madubi da bahon wankin kai, uwayen na nan a turke. Rabin da Yaya ya yi niyya kuwa, kada ki bari ya ji an watsa masa ƙasa a ido. Mutumin da ke yini a rana a titin Kano ya ce zai cire daga guminsa saboda ke, ya ga yadda ake raina marar takarda ne, ba ya so a raina ki. Ki kira shi ki ce: "Yaya, ban ƙi makarantarka ba, so nake in je ta da hannuna a buɗe. Ka riƙe mini kuɗin, kai za ka biya kwas ɗin, kai kuma za ka raka ni kasuwar Sabon Gari sayen kayan aiki."

Kafin duk wannan, ki tsefe kanki ki shiga mota zuwa Ringim ranar da shagon ke cika, jajibirin wani biki ko yammacin Alhamis. Ki gaishe ta, ki bi layi, ki biya kuɗinki kamar kowa. Kina zaune kina kallo: yadda take kiran yaranta, ko ana wanke mataji tsakanin kai da kai, ko akwai agogo a kusa in ana saka rilaksa, abin da take cewa in wata ta ce zafi. In kin koma gida daren nan kin kasa ɗora kai a matashi saboda tsaurin kitsonta, ki sake rubuto mini kafin a kai mata goro. Ba ita kaɗai ce mai shago a Ringim ba.